Wankan Jego a Hawa Na Biyar

Tun da na dawo bakina bai huta ba. Gidan suna a tare ni, islamiyya a tare ni, ranar nan har mai kurar ruwanmu sai da ya ajiye jarka ya ce, "Maman Nura, wai da gaske ne a can ko kare yana da asibitinsa?" Da gaske ne. Amma na lura kullum rabin labarin nake bayarwa, rabin da ake dariya. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in kun ga kuskure ku gyara a zuci.

Kun dai san ni, daga Tudun Wada zuwa Sabon Garin Zariya ma sai da dalili. Kano ce iyakar tafiyata. Kuma ba ni ce ya kamata in je ba. Wadda za ta haihu 'yata ce ta fari. Tun daga yaye mahaifiyata ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama na ci abinci da ita a kwano ɗaya ba. Ita ma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Ko Maman Nura da kuke kirana, ai tsallake ta aka yi. To ku ma a nan maijego za ku ji ina ce mata.

Ƙanwata Asabe aka shirya za ta je, ni an sa sunana ne kawai don kada a ce ba a sa ba. A Abuja muka shiga layin neman biza tun da safe. Baturiyar da ke bayan gilashi ta yi wa Asabe tambaya uku ta miƙo mata fasfo ɗinta ba hatimi. Da aka zo kaina, tafinta ya ce wai me zan je yi. Na ce wanka. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya juya ya yi mata dogon bayani, ita ma ta murmusa ta buga hatimi. Asabe ta yi kuka a mota har Kaduna, ni kuwa na yi nawa a zuci.

Jirgi kam ba zan ce komai ba sai dai Allah ya saka wa wanda ya ƙera kujerarsa da abin da ya dace. An kawo mini wani abinci a ɗan kwano, ganye ne ɗanye da farin abu mai tsami, na rufe na ci dabinona. Mun sauka a Masar mun sake jirgi. A can na haɗu da matakala mai tafiya da kanta. Na tsaya a bakinta ina bisimilla, mutane suna ratsa ni, har wata Balarabiya mai jiki ta kama hannuna ta ja ni kamar akuyar da ta ƙi shiga mota.

A filin jirgin New York wani kare ne ya fara yi mini maraba. Ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Ma'aikacin ya buɗe, ya ciro ƙunshin kilishin da na yo tsaraba, ya jefa a kwandon shara ina kallo. Ya shinshina daddawa ya kawar da kai. Ya ɗaga kanwa yana juyawa, ya ga kamar dutse ne, ya mayar. Kuka da kuɓewa da gero duk suka wuce. Na fito na sami surukina, Malam Habibu, yana jira. Tasi yake tuƙawa, a nan filin ma yake kwasar fasinja. Ya durƙusa har ƙasa a gaban Turawa ya gaishe ni, na kawar da kai na amsa. Daga nan har gida, tafiyar kusan awa ɗaya, shi bai ƙara magana ba, ni ban ƙara ba.

Unguwar sunanta Morris Heights. Jirgin ƙasa a sama yake wucewa, a kan ƙarafa, mutane suna tafiya a ƙarƙashinsa ba ko ɗaga kai. Gidan bene ne dogo, su suna hawa na biyar, ɗaki ɗaya da falo. Ku yi tunanin wannan: ni da suruki, banɗaki ɗaya. In zai shiga sai ya yi gyaran murya tun daga ƙofa, ni in juya fuska bango. In zai ci abinci sai ya ɗauki kwanonsa ya sauka mota. Ni a falo nake kwana, kusa da wani bututun ɗumama ɗaki mai ƙara kamar ana ƙira a maƙera. Maijego ta fito da cikinta ta gaishe ni, na ce, "An same ku lafiya?" ina kallon labule. Shekara huɗu rabona da ita. Da ta juya ne na bi bayanta da ido, na ga ƙafarta ta cika silifas.

Abin da ya fara damuna shi ne gaisuwa. Akwai ɗan ɗakin ƙarfe da ke hawa da mutane sama, lif suke ce masa. Na shiga na tarar da mutum huɗu, na ce sannunku. Kowa ya duba takalminsa. Na ɗauka ba su ji ba ne na ƙara. Wata ta matsa gefe. Kwana uku ina haka kafin wata mata mai ɗankwali ta amsa daga bayana, "Ei! Bahaushe ne! Ka zo lafiya?" Na waiga in ga namijin da take yi wa magana, ashe ni ce. Mma Hawa ke nan, mutuniyar Kumasi, ƙofarta tana kallon tamu. Hausarsu ba mace ba namiji, kowa kai ne. Tsofaffin Turawa take jinya a gidajensu, ta kwana can ta dawo da safe, irin aikin da maijego take yi har satin da na iso. Ita ta sa mini Maman Zariya. Ita ta kai ni Fordham Road, inda na ga shagon da ake sayar da manja da busasshen kifi da turmi, na kusa rungumar turmin. Na saya, na daka gero sau ɗaya tak, mutumin hawa na huɗu ya hau ya yi ta dukan ƙofa yana zage-zage. Turmin ya koma kujera.

Ranar haihuwa na ga asibiti. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ƙasa tana ƙyalli, gado yana tashi yana kwanciya da kansa, kowane bango da akwatin da ke ƙyafta ido. Jariri bai cika awa ɗaya a duniya ba an ɗaura masa abu a ƙafa mai ƙara in an fita da shi. Na ce a raina, wanda ya mutu a nan sai dai in kwanansa ne ya ƙare. Malam Habibu ya ce mini, yana kallon ƙasa, ai duk wata ana cire musu inshora, abin da ake cirewa ya fi abin da suke ci. Na ce lallai an ga wurin da kuɗin yake tafiya.

Kwana biyu suka sallame ta. Na ce wa Mma Hawa ko akwai wadda za su turo ta riƙa duba ta. Ta yi dariya. "Maman Zariya, yaro za a kai wa likita jibi. Shi uwa sai sati shida."

"Sati shida? Ai an yi arba'in an gama."

"To ka gani. Nan yaro ne ɗan gwamnati. Uwa kwali ne da aka kawo kaya ciki."

Na fara abin da ya kawo ni. Ba ganyen darbejiya, ba itace, ba tukunyar wanka. Ruwan zafi daga famfo yake fitowa, amma bai kai yadda nake so ba, sai na ƙara da na tukunya. Na sa tawul a madadin ganye. Na dama kunun kanwa safe da yamma. Ranar da na ce bari in gasa mata nama, wani abu mai jin hayaƙi da ke manne a rufin ɗaki ya fasa ihu, na jefar da cokali na yi waje ba mayafi. Aka yi suna a masallacin unguwa ranar Asabar, don ranar ce mutane ba aiki. Rago a kwali ya zo, yankakke. Mata suka zo da yamma, 'yan Gana da 'yan Nijar da namu, aka ci wake da shinkafa irin na Kumasi, aka yi hoto. Kafin magariba kowa ta duba agogo ta ce tana da shif a wurin aiki. Gidan ya koma shiru. A Tudun Wada maijego tana rasa wurin da za ta miƙe ƙafa don baƙi. A can daga ni sai ita sai jariri sai bututu.

To ga rabin da ba na faɗa.

Ni na haifi tara, na yi wa mata wanka ba adadi. Na san idon maijego. Washegarin suna na ga tana runtse ido in an kunna fitila. Na ga fuskarta ta yi fam, zoben hannunta ya nutse. Na ji tana ce wa mijinta a waya tana ganin wasu abubuwa kamar taurari. Da 'yar Asabe ce, da na zaunar da ita na matsa ƙafar na ga ko yatsa zai lotsa. Amma ita, abin da na iya kawai shi ne in ce wa bango, "Wasu dai in kansu yana ciwo sai su faɗa." Ita kuma ta ce wa jariri, "Ka ce wa Yaya da sauƙi." Haka muke magana, ta bakin wanda bai san komai ba.

Ta dai buga wa asibiti waya. Ina zaune ina ji. Ba mutum ne ya ɗauka ba, wata murya ce ta ce ta danna ɗaya, ta danna, ta ce ta danna uku. Sai kiɗa. Na shayar da kaina shayi na wanke kofi, kiɗa bai ƙare ba. Da mutum ya zo, ya ce ta sha maganin ciwon kai ta huta, in ya tsananta ta je imajensi, ɓangaren gaggawa. Likitan da ya karɓi haihuwar fa? Ba a samunsa sai ranar da aka rubuta.

Bayan kwana biyu Malam Habibu ya bar aiki ya kai mu. Imajensin ba irin wancan ɓangaren ba ne mai ƙyalli. Mutane ne jibge, wani riƙe da hannu a tsumma, wata tsohuwa tana ta kiran wani suna ba mai amsawa. Malam Habibu ya ajiye mu ya koma, don motar ba tasa ba ce. Muka zauna daga azahar har la'asar ta wuce. Da aka kira ta, nas ɗin ta dube ni ta yi mini alama da hannu in taho. Maijego ta ce, "Yaya, wai ki shigo in kina so."

Na ce, "Ina riƙe da yaro."

Yaron barci yake yi, da na shiga da shi ba abin da zai faru. Amma a ce ni in tsaya ana buɗe jikin 'yar fari a gabana, ina lissafa wa namiji ciwonta kamar wata marar ta ido? Ta labule nake hango su. Likitan yaro ne, da ka gan shi ka ga wanda bai yi barci ba. Bayansa ya ba ta, yana danna kwamfuta yana tambaya. Ko sau ɗaya bai ɗaga zanen ya dubi ƙafar ba. Ita kuma tana zaune a miƙe, tana murmushi, yadda kakarta ta koya mata kada a ga gazawarta. Ba a yi minti goma ba ta fito da takarda. Wai jinin ya ɗan hau, amma gajiya ce da rashin barci, duk masu jego haka suke.

Na ji sanyi a raina, wallahi. Na ce masu wannan ginin ai sun fi ni sani. Muka dawo gida na dama mata kunu.

Kwana biyu bayan nan, da hantsi, ina goge wa yaro jiki a falo na ji kofi ya faɗi a ɗaki. Na ce, "Lafiya?" Shiru. Na leƙa. Tana ƙasa tsakanin gado da bango, jikinta yana karkarwa, bakinta ya karkace. Na ɗauki wayarta amma ban san me ake dannawa ba. Na fita da gudu na bi ƙofofi ina duka. Ƙofa shida a layin nan. Na ji motsi a bayan biyu, na ga inuwa a ɗan ramin da suke leƙe, ba wanda ya buɗe. Ta Mma Hawa na fi duka, ashe ba ta dawo ba. Ina tsaye a tsakiya ina salati lif ya buɗe, sai ga ta da jakar aikinta.

Ta shiga ta gani, ta ciro waya. Ta ɗan tsaya. Daga baya ta faɗa mini abin da ya tsayar da ita: a can motar asibiti ba kyauta ba ce, mutane suna tsoronta kamar yadda suke tsoron ciwon. Ta ce, "Kai, Allah na nan," ta danna.

Maza biyu suka zo da mace ɗaya. A nan kam na ga aiki, hannunsu kamar walƙiya. Macen ta yi wa Mma Hawa magana da sauri, ita kuma ta juyo gare ni.

"Maman Zariya, ya ce ka kira shi. Ka yi ta kiran sunansa kar ya tafi. Muryanka ya sani."

Na durƙusa. Na ce, "Ke. Ke, buɗe ido."

"Ba ke ba! Suna! Haba, wane irin uwa ne kai?"

Shekara ashirin da tara sunan nan yana bakina kamar tsakuwa. Ni na zaɓe shi ma, a asirce, na faɗa wa mahaifiyata ta faɗa wa malamai. Na kama fuskarta da hannu biyu, abin da ban taɓa yi ba tun tana shan nono.

Na ce, "Safiya. Safiya, ni ce. Safiyatu, kada ki yi mini haka a garin mutane."

Idonta ya motsa. Ya zo kaina ya tsaya. Ban daina ba har cikin mota, har ƙofar da suka hana ni wucewa.

Hawan jini ne na bayan haihuwa, ya haura ya taɓa ƙwaƙwalwa. Yanzu kam likitoci sun samu. Na ƙirga bakwai a rana ɗaya, kowa da abin da yake dubawa, an saka ta a wani injin kamar rami, an jona mata igiyoyi ko'ina. A nan na haɗu da Sista Rifkatu, nas ce mutuniyar Kafanchan, ta ji ina addu'a ta ce, "Mama, ya mai jiki?" Na riƙe hannunta na ƙi saki. Ita ta zaunar da ni ta tambaye ni me maijego take ci. Da na ambaci kanwa ta rufe ido.

"Mama, kanwa tana tayar da jini. Ga ruwan zafi kuma."

Na ce, "Ni na kashe ta ke nan."

"Ba ta mutu ba, kuma ba ke kika fara ba. Ta zo nan da ƙafarta, da ciwon kai, da jini a sama, kwana goma da haihuwa. Ko ɗalibi ya san wannan. Ƙwaya ce da ba ta kai kuɗin burodi ba za a ba ta a kwantar da ita." Ta rage murya. "Na fi shekara goma a nan. In mutum ya fara mutuwa, duk duniya ba wanda ya kai su iya ceto. Kafin nan ne ba mai lokacin kallonka. Kuma mu baƙaƙe, in ba ki yi ihu ba, sai a ce kina lafiya. Da wani ya shiga da ita ya buga tebur…"

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ce mata ina bakin labulen ba. Yau ne na fara faɗa.

Sati uku ta yi. Ta fito da ranta, alhamdu lillahi, maganarta ta dawo a hankali, ƙafar ma tana takawa. Hannun hagu ne ya ƙi. Aka ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Na tattara sauran kanwar na zuba a shara da hannuna. Na bar falo na koma ɗakinta, Malam Habibu ya dawo kusa da bututu. Ni nake mata wanka, ni nake ɗaura mata zane, kwano ɗaya muke ci don ni nake riƙe mata shi. Wata rana tana ci ta ce, "Yaya, ashe kina da surutu haka?" Na ce ai kowa a Tudun Wada ya sani, ke kaɗai ce ba ki sani ba. Muka yi dariya, sai kuma muka rasa inda za mu sa ido.

Ƙanƙara ta sauka ta narke ina can. Ban je ko'ina ba, masu tambayata dogayen gine-gine ku yi haƙuri, daga tagar mota na hango su. Wata shida aka ba ni, kuma Malam Habibu ya ce in na wuce ko da kwana ɗaya ba za a sake bari na shigo ba.

Satin ƙarshe goyo muka yi ta koyo. Ita ta ce tana so. Muka fara da matashin kai. Ta sunkuya, in ɗora mata, ta ja zane da hannun dama, ta kama ɗaya bakin da haƙori. Sai matashin ya zame. Mu sake. Ya zame. Ranar da zan tafi ta ce a gwada da yaron sau ɗaya. Na ɗora shi, na ɗaure da kaina, na sa majanyi, hannuna yana ƙarƙashinsa. Ta yi taku huɗu zuwa ƙofa ta dawo. Shi ke nan goyon da ta yi. Mma Hawa ta ce za ta riƙa leƙowa in ta sauko daga aiki, kuma tana yi, Allah ya biya ta. Amma daga hantsi zuwa dare su biyu ne a hawa na biyar.

Yanzu wata shida ke nan da dawowata. Kullum bayan azahar, lokacin su gari ya waye, sai ta kira ni a waya mai hoto. Ba na tambayar bango. Ina cewa ta nuna mini ƙafa, ta nuna mini abin awon jini, ta matsa ƙwallon in gani. Shekaranjiya ta kira ba a lokacin ba, ta juya wayar, sai ga yaron ya saki kujera yana tangaɗi, taku ɗaya, biyu, uku, ya faɗi zaune. Na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Da ta juyo da wayar na ga ba ta dariya.

Ta ce, "Yaya, ya wuce goyo ke nan."

Na ce mata yaro ba ya wuce goyo sai ranar da ya ƙi da kansa, kuma wannan da na gani malalaci ne irin kakansa, zai kai shekara uku yana nema. Na ce ta ɗauko ƙwallon. Ta ɗauko. Ina daga nan ina ƙirga mata, tana daga can tana matsawa.